Kafin ka tura kuɗin aji: Abin da 'yan TikTok ba sa faɗa kan fitar da ɗanyar kwakwa waje

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook a 'yan watannin nan da wuya bai ci karo da irin bidiyon nan ba. Matashi ya tsaya gaban kwantena, ya sha baƙin gilashi, yana cewa in dai kana da waya da data to kai da talauci kun yi hannun riga, domin Turawa da Larabawa na neman kayanmu ido rufe. Yau riɗi, gobe citta, jibi gawayi. Yanzu kuma kwakwa ta shigo layi. Kafin bidiyon ya ƙare za a sa maka lambar asusu, a ce ka tura kuɗin rajista ka shiga ajin WhatsApp.

Kasuwar kwakwa kam akwai ta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai rabin labarin da ba ya shiga bidiyon minti ɗaya, kuma a wannan rabin ne jarin mutane ke nutsewa. Mai saye a ƙasar waje yana biyan kuɗin abu biyu ne: kwakwar, da kuma hujjar cewa ba za ta cutar da wanda zai ci ba. In ka je da ta farko babu ta biyu, kayanka a bakin tasha za su ruɓe, ko a ƙone su kuma a turo maka lissafin kuɗin ƙonawa.

Wace kwakwar ma ake magana?

Mu a Arewa in an ce kwakwa, abin da ke zuwa ranmu shi ne ƙosasshiyar nan mai ruwan ƙasa da ake fasawa a baro, a haɗa da dabino da aya, ko a yi alawa da ita. Ita ce iyayenmu ke kira kwakwar Attagara, don a bambanta ta da kwakwar manja. Irin wannan sai ta yi wajen shekara guda a kan bishiya kafin a sauke ta.

A kasuwar duniya akwai wata kuma, wato 'yar shila, wadda ake tsinka tana wata 6 zuwa 9. Ita don ruwanta ake sayenta, naman cikinta ma laushi ne da shi, da cokali ake kwasa. Ita ce kake gani a hotunan Instagram fara fat, an fere ta an yi mata tsini a sama, an naɗe da leda. Duka biyun ɗanyar kwakwa ce, amma kowace da irin kulawar da take so, kuma 'yar shilar ta fi saurin lalacewa nesa ba kusa ba.

Manyan masu noman kwakwa a duniya su ne Indunusiya da Filifin da Indiya. A ɓangaren 'yar shila kuwa Tailan ce ta yi suna da irinta mai ƙamshi da ake kira Nam Hom, sai Biyetnam da ke biye da ita a guje, musamman daga yankin Ben Tre.

Mu fa? A Najeriya gidan kwakwa shi ne gaɓar teku, musamman Badagry a Jihar Legas, inda har gwamnatin jihar ke da hukuma ta musamman mai suna LASCODA don bunƙasa nomanta. Fatake 'yan Arewa sun daɗe suna lodin ta daga can zuwa kasuwanninmu. Sai dai ga abin da mai bidiyo ba zai gaya maka ba: abin da muke nomawa bai ishe mu ba. Wani kaso na kwakwar da muke ci daga Gana da Kwaddibuwa ake shigo da ita. Ke nan tun kafin a zo maganar takardu, wanda ke son cika kwantena sai ya yi gogayya da kasuwar cikin gida wajen saye.

"Ai tana cikin ƙoƙo, me zai same ta?"

Wannan ita ce maganar da kowa ke fara yi. Gaskiya ne Allah Ya yi wa kwakwa sutura mai ƙarfi, ga ɓawo, ga zare, ga ƙoƙo. Muddin ba a taɓa ta ba, ruwan cikinta tsaf yake. Matsalar ita ce kwakwar da za ta ƙetare teku ba a barin ta yadda take. Ana cire ɓawon, ana fere ta, wani lokaci har a goge ƙoƙon. Duk fatar da aka cire, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ga kuma idanun nan uku da ke kanta, ɗaya daga cikinsu mai laushi ne, ta nan tsiro ke fitowa, ta nan kuma fumfuna ke shiga. Ƙaramin tsagu da ido bai gani ba ma ya isa.

A shekarar 2021 likitoci a ƙasar Denmak suka wallafa labarin wani dattijo mai shekara 69. Ya sayi irin fererriyar kwakwar nan, maimakon ya sa a firji sai ya bar ta a kan teburin kicin kusan wata guda. Ranar da ya zuƙi ruwan ya ji ɗanɗanon ya canza, kaɗan ya haɗiye ya bari. Bayan kamar awa 3 sai gumi da amai, aka kwashe shi zuwa asibiti, kwana ɗaya da 'yan awoyi rai ya yi halinsa. Bincike ya gano wata fumfuna ce ta tsiro a cikin kwakwar ta saki guba mai taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan gubar an san ta a ƙasar Sin, inda ta sha kashe mutanen da suka sha raken da ya yi fumfuna. Masu shan rake, a kula.

Ba a nan ta tsaya ba. A farkon 2018 hukumomin lafiya a Amurka sun bi sawun ɓarkewar cutar Salmonela a jihohi da dama har suka kai ga gurzajjiyar kwakwa daskararriya da aka shigo da ita daga waje, aka janye ta daga kantuna. Salmonela kuwa daga kashin mutum da na dabba da na tsuntsu take zuwa, ta hanyar ruwan wanki mara tsafta, ko hannun da ba a wanke ba, ko wuƙa da ƙasan da aka zube kaya.

Akwai kuma batun farin nan da ke burge mutane. Kwakwa 'yar shila da zarar an fere ta, nan da nan take fara yin duhu, kamar yadda doya ke yi in an yanka an bar ta. Don hana haka, masu sana'ar kan tsoma ta na 'yan mintoci a ruwan da aka zuba wa sinadarin salfait. Shi wannan sinadari yana tayar wa wasu mutane da asma, shi ya sa a Turai da Amurka in ya kai wajen miligiram 10 a kowane kilo na abinci dole a rubuta a jikin kaya. In kwakwar na da tsagu ko an daɗe da ita a cikin ruwan, sinadarin na iya ratsawa ciki. Ka ga ke nan aikin ba na "zuba kawai, ai ba komai" ba ne. Aiki ne na awo da agogo.

Wake ɗaya ke ɓata gari

In kana son ka san yadda wasa da wannan lamari ke ƙarewa, ba sai ka je nesa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili? An yi ta samun sinadarin DDVP a jikinsa, wato abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa hatsi don kada ya yi ƙwari. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. An samu waken da ya kai miligiram 4.6, wato ninki 460.

Bari mu sauƙaƙa lissafin. Miligiram 0.01 a kilo daidai yake da giram ɗaya tak a cikin buhu 1,000 masu nauyin kilo 100. Na'urorinsu na ganin wannan. Dakatarwar da aka ce ta shekara ɗaya ce, aka yi ta sabunta ta shekara da shekaru. Wanda ya yayyafa da wanda bai taɓa yayyafawa ba, duk hukuncin ya hau kansu.

Haka zoɓorodonmu ya taɓa fuskantar rufe ƙofa a Meziko saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a cikin kaya, manoma da 'yan kasuwa a Jigawa da Kano suka ji a jikinsu. Riɗinmu ma yana cikin jerin kayan da Turai ke yi wa binciken ƙwaƙwaf saboda Salmonela.

Me ya haɗa wannan da kwakwa? Sito ɗaya ne, mota ɗaya ce, ɗabi'a ɗaya ce. In aka jibge kwakwa a ɗakin da aka fesa wa fiya-fiya, ko aka loda ta a tirelar da ta sauke taki ko shanu ba a wanke ba, sakamakon ɗakin gwaji ba zai duba cewa kai mutumin kirki ne ba.

Kowace ƙasa da ƙofarta

Wani kuskuren shi ne ɗaukar "waje" kamar gari ɗaya. Kowace kasuwa da sharuɗɗanta.

Tarayyar Turai: tun Disambar 2019, kusan duk wani ɗanyen kayan gona sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai yake shiga. 'Ya'yan itace biyar kawai aka ɗauke wa: abarba, ayaba, dabino, wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan, sai kwakwa. Masu ajin WhatsApp na son ambaton wannan don su nuna abin sauƙi ne. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne sassaucin ya shafi cutar tsirrai ne kaɗai. Dokar ragowar maganin ƙwari da ta tsafta suna nan daram. Sannan manyan kantunan can galibi ba sa sayen ɗanyen kaya sai gonar na da shaidar GlobalG.A.P., wadda ke nufin wani mai bincike ya zo har gonar ya duba ruwa, magani, bayan gida da littafin aiki. In aka kama kaya da matsala a ƙasa ɗaya, akwai tsarin gargaɗin gaggawa mai suna RASFF da ke sanar da sauran ƙasashen nan take. Shafin a buɗe yake a intanet, kowa na iya shiga ya ga irin kayan da aka tare da ƙasar da suka fito da dalilin tarewar. Mintuna 10 a can sun fi awa 10 na bidiyon zuga.

Amurka: hukumomi biyu ne. Ta aikin gona na duba ƙwari da cutar tsirrai, ita kuma FDA na duba lafiyar abinci. Wurin da aka shirya kayan sai ya yi rajista da FDA, kuma sai an sanar da ita kafin kaya su iso. A ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a 2011, shi kansa mai shigo da kayan a can dole ya tabbatar da cewa wanda ya sayar masa na bin ƙa'ida. Shi ya sa mai saye na gaskiya zai ishe ka da tambayoyi kafin ya turo ko sisi.

Sin: ita sai ta ƙulla yarjejeniya da ƙasa kan ɗan itacen tukuna, sannan kowace gona da kowane gidan shirya kaya su samu lamba daga hukumar kwastam ɗinta, a buga lambar a jikin kwali.

Dubi Biyetnam. Duk da tarin kwakwarta, sai a Agustan 2023 Amurka ta buɗe mata ƙofa, da sharaɗin a cire koren ɓawon gaba ɗaya da aƙalla kashi 75 cikin 100 na zaren. Yarjejeniyarta da Sin kan ɗanyar kwakwa kuwa sai a Agustan 2024 aka sa hannu. Ƙasa sukutum ta ɗauki shekaru tana tattaunawa da gyara gonaki. Kai kuma wani ya ce maka mako biyu a WhatsApp ya isa?

Takardun gida

Kafin kaya su bar Apapa ko Tin Can ko Onne, ga hanyar da ake bi a taƙaice. Ka yi wa kamfaninka rajista da CAC. Ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC. Ka buɗe fom ɗin NXP ta bankinka, domin ta nan Babban Banki ke bin sawun kuɗin da za su dawo. Hukumar NAQS ce ke duba ɗanyen kayan gona ta ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai ga ƙasar da ke buƙata. In kuma an sarrafa kwakwar, kamar ruwanta a kwalba, ko gurzajjiya, ko manta, to ka shiga hurumin NAFDAC. Sannan kwastam.

A kula da masu cewa "kawo kuɗi in fito maka da takarda, ba sai an ga kaya ba." Takarda shaida ce kan abin da aka duba. In ba a duba ba, a can ƙetare za a duba, kuma can babu wanda zai ce maka a yi haƙuri.

Daga gindin bishiya zuwa kwantena

Ainihin aikin a nan yake, kuma yawancinsa ba ya buƙatar digiri, yana buƙatar natsuwa ne.

Wajen tsinka: 'yar shila ba a jefo ta ƙasa, da igiya ake sauko da nonon gaba ɗaya, don in ta bugu za ta tsage. Ba a haɗa wadda aka tsinta a ƙasa ta kwana biyu cikin danshi da wadda aka sauke yau.

Wajen zaɓe: ƙosasshiya a girgiza a ji ruwa na motsi. Wadda idonta ya jiƙe, ko ya yi fumfuna, ko ta fara tsiro, ko ta tsage, a ware ta. Ɗaya in ta fashe a kwali, ruwanta zai ɓata sauran.

Ruwan wanki: ya zama wanda mutum zai iya sha, kuma an kai shi ɗakin gwaji an samu sakamako a rubuce. Ruwan rafi ko na rijiyar da ke kusa da masai ba ya cikin lissafi.

Wurin aiki: tebur, ba ƙasa ba. Wuƙaƙe masu tsafta, wurin wanke hannu da sabulu, babu akuya babu kaji babu ɓera. Mai gudawa ko mai ciwo a hannu ya huta a gida.

Sanyi: fererriyar 'yar shila tana son digiri 3 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyas, tun daga gidan shiryawa har kantin da za a sayar. Ƙosasshiya kuwa a kusa da digiri 0 zuwa 1.5 tana iya kai wa wata biyu. Sauyin zafi da sanyi farat ɗaya na tsaga ƙoƙo. Tafiyar jirgin ruwa makonni ce, ga jiran tasha, ga matsalar wuta. In injin sanyin kwantena ya tsaya na wasu awoyi a cunkoson hanyar tasha, wa zai ɗauki asarar? Wannan tambaya a yi ta tun kafin a sa hannu a yarjejeniya.

Katakon da ake ɗora kwalaye a kai: shi ma da dokarsa ta duniya. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwarin itace, a buga masa hatimi mai kama da zangarniyar alkama. Kwakwarka na iya zama lafiya ƙalau a tare kwantenar saboda katako.

Rubutu: wannan ne ya fi ba mu wuya. Kowane kwali ya kasance da lambar da za ta nuna gonar da ya fito, ranar tsinka, ranar shiryawa, da maganin da aka fesa a gonar da ranar da aka fesa. Amfaninsa shi ne in matsala ta taso a san kwalaye nawa ne abin ya shafa, maimakon a yi watsi da kaya duka. Wanda ya tattaro kwakwa daga hannun dillalai goma a kasuwa, bai san gonar ko ɗaya ba, ba shi da amsar da zai ba mai saye.

To mu ina muka dosa?

Kada wani ya ce an zo kashe masa gwiwa. Abin da ake cewa shi ne a shiga ta ƙofa, kada a haura katanga. Kuma in ka lura da jerin da ke sama, kowane layi aikin yi ne. Wanda ya karanta kimiyyar abinci ko ilimin ƙananan halittu, gidajen shirya kaya na buƙatar mai kula da inganci wanda ya san tsarin HACCP, wato bin kowane mataki a gano inda haɗari ke iya shiga a toshe shi. Wanda ya iya kwamfuta, manoma na buƙatar mai ajiye musu bayanai. Mai harkar sola da firji, ga ɗakunan sanyi. Mu 'yan jarida masu tasowa kuma, aikinmu ne mu fassara waɗannan dokoki zuwa harshen da manomi da ɗan kasuwa za su gane. Ilimin kuma ba na kwakwa kaɗai ba ne, shi ne dai za a nema a riɗi da zoɓo da citta da gyaɗa, waɗanda a ƙofar gidanmu ake noma su.

Mai sha'awar kwakwar kanta, ya fara da gida. Masu sayen ruwan kwakwa da madararta da manta suna ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja. Ka gwada kai kwali 50 daga Legas zuwa Kano ba tare da ko ɗaya ta lalace ba, ka rubuta komai, ka ga nawa ka kashe nawa ka samu. Wanda bai iya wannan ba, teku ba za ta raga masa ba. Kuma ɗan Fagge da zai sha ruwan kwakwar nan, ransa bai fi na Bature arha ba. Tsaftar da za mu yi don dala, mu fara yin ta don junanmu.

Kafin ka tura wa kowa kuɗin aji, yi masa tambayoyi huɗu. Wace ƙasa ka taɓa kai ɗanyar kwakwa, kuma ina takardar lodin jirgin? Wace gona ta fito? Wane ɗakin gwaji ya auna ta, ina sakamakon? A wane ma'aunin sanyi ta yi tafiya? Mai sana'ar gaske zai amsa cikin minti biyu, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. In kuwa ya fara kame-kame yana cewa sirrin na cikin aji, riƙe kuɗinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.